Kunamar ruwa: yadda zaka haɗa masunta da malaman jami'a da mutanen gari a kan kifin da ke ɓace mana

Kawuna yana da wani tabo a saman idon sawunsa na hagu, tun ina yaro nake ganinsa duk sanda ya naɗe wando zai shiga ruwa a Dadin Kowa, amma sai da na girma na tambaye shi. Yace kunamar ruwa ce. Ba a nan ta harbe shi ba, a Binuwai ne can ƙasa da Numan lokacin yana saurayi suna tafiya su da rani, ya taka ta cikin yashi da asuba, yace kwana uku bai runtsa ba. Nace toh Kawu yaushe rabonka da ita? Yayi shiru yana lissafi da yatsu, can yace wallahi ya manta, yace da kam sai ka gaji da cire ta daga taru, yanzu yaran da ke shiga ruwa da yawansu sunanta kawai suka sani.

Wannan shirun nasa shi ya sa ni yin wannan rubutun. Abin da Kawu ya sani babu shi a littafin kowa, malamin jami'a da ke neman irin wannan bayanin bai san da Kawu ba, mu kuma da muke sayen banda a kasuwar Gombe bamu san ma akwai magana ba. Mutum uku kenan kowa riƙe da yanki ɗaya na ƙwarya. Ga yadda nake ganin ake haɗa su, kuma ba sai kana da digiri ko ƙungiya mai ofis ba.

Mataki na ɗaya: ka san dabbar kafin ka buɗe baki

Mutane suna jin ance kifin shak sai su ce wannan ai maganar teku ce, ta mutanen Legas da Bayelsa da Akwa Ibom, mu ina ruwanmu. Toh kunamar ruwa 'yar gidansu ɗaya ce da shak, dukkansu basu da ƙashi irin na karfasa, guringuntsi ne jikinsu. Faffaɗa ce kamar faifai, faɗinta yana kaiwa kusan santimita 40, bayanta sumul, ga doguwar wutsiya siririya mai ƙaya mai dafi. Masana suna ce mata Fontitrygon garouaensis, kaga sunan Garwa ta Kamaru a ciki, don a Binuwai ta wajen can wasu masana 'yan Faransa biyu, Stauch da Blanc, suka fara rubuta ta a 1962. A duk duniya kogunan Najeriya da Kamaru ne gidanta. Gongola ɗinmu kuwa a Numan yake zubawa cikin Binuwai, masuntanmu kuma hanyar suke bi.

Abin da ya kamata ka riƙe da kyau shine yadda take haihuwa. Tarwaɗa guda tana zubar da ƙwai dubbai, ko an kwashe su bana baɗi zaka tarar sun cika ruwa. Ita kunamar ruwa ciki take ɗauka ta haifi 'ya'ya a raye, 'yan kaɗan, kamar akuya. Yawancin dangin haka suke, jinkirin girma, ƙarancin haihuwa, shi yasa da an matsa musu basa farfaɗowa da wuri. Nazarin da aka fitar a 2021 ƙarƙashin IUCN, ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, ya nuna sama da kashi ɗaya cikin uku na dangin shak da kunamun ruwa na duniya suna fuskantar ƙarewa, babban dalili kuma kamu fiye da kima, tamu ta Binuwai tana cikin wannan jerin. Ita bayan kamu akwai canjin ruwan kansa, an datse Binuwai a Lagdo ta Kamaru a 1982, an datse Gongola a Kiri da Dadin Kowa, ga masu zuba gamalin, maganin ƙwari mai guba, a ruwa su kashe komai har tsutsotsin ƙwarin cikin yashi da take ci.

Ka sa hotunanta masu kyau a waya, ta sama da ta ciki. Ka buga biyu ko uku a takarda a sa musu leda don bakin ruwa ba wurin miƙa waya hannu zuwa hannu bane.

Mataki na biyu: ƙofar sarkin ruwa

Nan mutane da yawa suke ɓata aikin tun ba'a fara ba. Kar ka sauka daga mashin ka nufi inda ake sauke kifi ka hau ɗaukan hoto, wallahi kafin ka juya labari ya zaga cewa gwamnati ta turo mai hana su ko mai karɓan haraji, daga ranar duk abin da ka tambaya amsar ita ce babu, bamu taɓa gani ba.

Kowane bakin ruwa yana da sarkin ruwa ko shugaban masunta. Ka nemi wanda zai kaika wajensa, ɗan gari, wanda ake ganin mutuncinsa. Ka je da goro, ka cire takalmi, ka gaida shi yadda ake gaida manya, ranka ya daɗe ya ruwa ya iyali, kuma ziyarar farko kar ka fito da takarda ko biro. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawoka cikin jumla biyu, akwai kifin da muke jin yana ƙarewa, ku kuka san shi, munzo ku koya mana. Sannan ka faɗi abin da ba zakayi ba, ba zaka kai sunan kowa wajen hukuma ba, ba zaka ƙwace tarun kowa ba, baka kawo kuɗin tallafi ba. Wannan na ƙarshen ka faɗe shi ƙarara tun ranar farko, don in suka sa rai da kuɗi sannan basu gani ba sunanka ya zama maƙaryaci har abada.

Dalilin da yasa nake jaddada wannan, an taɓa zuwa wa su Kawu da takardun tambayoyi shafi shafi da Turanci, aka zaunar da dattawa cikin rana tun hantsi, aka ɗau hotunansu, aka ce za'a dawo. Har yau. Kawu yana faɗa da ciwo a ransa, yace ko sannu da aiki ba'a aiko musu ba. Duk wanda zai je bayan wannan da bashin wancan zai fara, sai kayi haƙuri ka biya shi da yawan zuwa.

In kana aiki ta Numan ko Lau ko Ibi ka tuna ba Hausawa kaɗai ke ruwa ba, akwai Bachama akwai Jukun da sauransu, kowa da shugabansa da sunan da yake kiran kifin, ka gaida kowa a ƙofarsa.

Mataki na uku: zauna da tsofaffi

Da sarkin ruwa ya baka izini, tsofaffin masunta zaka fara nema, waɗanda suka haura sittin, don su suka ga ruwan kafin a datse shi. Lokacin da ya fi shine bayan la'asar suna gyaran koma a inuwa, hannu na aiki baki na hira. Ɗaya bayan ɗaya zaka zauna dasu, in ka tara su wuri guda babba yayi magana sauran sai su ce haka ne.

Kar ka nuna hoton kunamar ruwa kaɗai kace ka santa, mutumin kirki zai ce eh don kar ya kunyata baƙo. Ka haɗa hotuna kamar shida, giwan ruwa, yauni, minjirya, gaiwa, ita, da wani kifin teku da ka tabbata babu shi a kogin, ka bar shi ya kira sunan kowanne da kansa. Wanda yace wannan na tekun bai taɓa gani ba, toh maganarsa a kan sauran abar riƙewa ce. Masu bincike suna amfani da wannan dabarar sosai kuma ba wulaƙanci a ciki.

Tambayoyin kaɗan ne, yaushe rabonka da ita, a wane wuri, da rani ko da damina, da me ka kama, taru ne ko birgi ko mamari ko gura, ka taɓa ganin mai ciki ko ƙananan, da can guda nawa kuke samu a rana. Maganar shekara kar ka matsa sai ya baka lamba, tsoho baya lissafi da kalanda, zai ce maka shekarar fari, ko zamanin Shagari, ko shekarar babbar ambaliya, kai zaka koma ka mayar da ita 1973 ko 1980 ko 2012. Ka nemi izini ka naɗi muryarsa a waya. Wurin da akace ana ganin ƙanana ka ja masa layi biyu, wurin haihuwa kenan, yafi komai daraja a duk abin da zaka tattaro.

Mataki na huɗu: nemo malami

Sai kana da hirar mutum goma ko sha biyar a hannu sannan ka tunkari jami'a, don malami yana da aiki har wuya, wanda yazo da bayani a hannu shi ake saurara. Ka nemi sashen nazarin halittu ko na kifi, ga Jami'ar Jihar Gombe, ga ta Tarayya a Kashere, ga ATBU a Bauchi, ga ta Modibbo Adama a Yola wadda ita a bakin Binuwai ma take. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, a New Bussa kusa da Kainji, ta teku kuma NIOMR tana Legas. Abin da zaka roƙa ƙarami ne, mutum ɗaya da zai riƙa tabbatar da hotunan da aka turo, da ɗalibin ajin ƙarshe ko biyu da zasuyi firojek ɗinsu a kai. Duk shekara ɗalibai suna yawon neman abin rubutawa, ga abu a ƙofar gida.

Sharaɗi ɗaya zaka kafa, malam zai zo bakin ruwa da ƙafarsa ya gaida sarkin ruwa, kuma da Hausa ko Fulatanci za'ayi magana.

Mataki na biyar: yadda za'a riƙa rubuta abin da aka gani

Ka buɗe guruf a WhatsApp, ka sa malamin, ka sa matashi ɗaya mai babbar waya daga kowane bakin ruwa, don dattawa yawanci ƙaramar waya gare su. Ba'a turo komai a guruf ɗin sai maganar kifi, in ba haka ba sati biyu ya zama dandalin siyasa malam ya fice. Wanda bai iya rubutu ba saƙon murya ya isa.

Duk sanda aka ci karo da ita, a ruwa ko a kasuwa, a raye ko a mace, ga abin da akeso: hoto ɗaya ta sama, ɗaya ta ciki in ya yiwu, ranar, sunan wurin, kayan kamun, da faɗinta daga gefen fiffike zuwa ɗaya gefen, banda wutsiya don wutsiya tana guntulewa. Tef ɗin tela ya isa, amma abin da yafi sauƙi a zana ma'auni da fenti a jikin katakon kwale-kwale, santimita goma goma, shikenan duk hoton da aka ɗauka a kai yana ɗauke da awonsa. Namiji da mace kuma ba wuya, ka duba gindin wutsiya ta ciki, namiji yana da wasu 'yan tsinkaye biyu kamar yatsu, mace bata dasu.

Ga wani abu da ake mantawa, ranar da ba'a gani ba ita ma bayani ce. In matashin Numan ya duba kifin da aka sauke kwana talatin bai ga ko ɗaya ba, ya faɗa, don wannan sifirin shi malam zai auna da abin da tsofaffi suka ce na da. Shi yasa gara a tsaida rana ɗaya a sati, ranar kasuwa, a riƙa dubawa ba fashi, da a jira sai an gani.

Hotunan da malam ya tabbatar ana iya ɗora su a manhajar iNaturalist inda masana na ko'ina zasu gani, tana da wurin ɓoye ainihin wurin da aka ɗauka, ka danna shi. A Facebook kuwa kar a rubuta takamaiman wuri, kar a sa fuskar masunci sai ya yarda.

Mataki na shida: saki, da maganar harbi

Ba zaka ce wa mutumin da ta taɓa hana shi barci kwana uku ya tausaya mata haka kawai ba, sai ka fara da tsaron lafiyarsa. Bata farautar mutum, kwanciya take ta rufe jikinta da yashi, sai an taka ta take kai wutsiya. Mai shiga ruwa mara zurfi ya riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa ya dire, tana jin motsi zata tashi.

In ta harbi mutum a fito dashi daga ruwa, a danne wurin in jini na zuba, a wanke da ruwa mai tsabta, sannan a tsoma wurin cikin ruwan zafi iya wanda hannun mai lafiya zai jure, ba tafasasshe ba, minti 30 zuwa 90 ana ƙara zafin, zafi yana karya raɗaɗin dafin sosai. Daga nan asibiti, don guntun ƙaya yana iya saura a ciki kuma ana buƙatar allurar tetanos. In a ciki ko ƙirji ko wuya ƙayar ta shiga kar wanda ya zare ta, a tafi dashi haka. Wannan bayanin kaɗai in ka kai bakin ruwa ka biya kuɗin shigarka.

Sakin kuma, a bar ta cikin ruwa in zai yiwu, a danne wutsiyar da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma mai kauri, a warware zaren a hankali. Kar a ɗaga ta da wutsiya, kar a zura yatsa a ramukan da ke bayan idonta don ta nan take shaƙar ruwa, kar a jefar da ita kan yashi mai zafi ana neman waya. In ƙugiya tayi nisa a yanke zaren kusa da baki yafi a fizge. Mai ƙaton ciki kuwa ko hoton a haƙura in zai ja lokaci, wahala tana sa su zubar da cikin.

Wadda ta riga ta mutu ba laifin kowa bane kuma kar a ɓoye ta, a auna, a ɗau hoto, a kira malam ko zai so ɗan yankin fiffike don gwajin ƙwayar halitta, shi ya san yadda ake adanawa.

Mataki na bakwai: kuɗi

Kar ka taɓa biyan kuɗi a kan kowace kunama da aka kawo ko aka ɗauka hoto. Ranar da ka sa mata farashi ka mayar da ita abin farauta, mutanen da da basa nemanta zasu shiga nemanta, kai da kazo ceto ka zama mai ƙarasawa. In akwai ɗan abin hannu a sa wa matasan data duk wata ko sun gani ko basu gani ba, a sayi zare a ajiye wajen sarkin ruwa don wanda ya yanka komarsa garin saki. Ni a ganina wannan zaren yafi duk wata riga mai tambari da ake rabawa a taro.

Mataki na takwas: mata masu banda da sauran gari

Kifin da ya wuce idonka a bakin ruwa ba zai wuce idon masu banda da dillalai ba, komai ta hannunsu yake bi. Ka je ta wajen shugabarsu, in da hali mace ce zata je, ɗaliba ko 'yar uwarka, hira zata fi sakewa. Ka bar musu hoton mai leda a rumfa da lambar da zasu kira.

Mutanen gari kuwa ba dogon jawabi suke buƙata ba. Shirin rediyo na minti sha biyar inda tsohon masunci ke bada labari da bakinsa malam na ƙara bayani yafi fosta ɗari. Malamin firamare ya sa yara su je su tambayi kakanninsu sunayen kifayen da suka daina gani su kawo aji. Liman yana da abin faɗa daga Suratul An'am inda aka ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu, fasto shima yana da nasa. In lokacin bikin su na Nwonyo a Ibi ya zo, masunta na ko'ina suna wuri ɗaya, tebur guda da hotuna ya isheka. A irin wannan wurin ka nuna musu hoton kifi mai zarto na teku, wanda CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe saboda ya kusa ƙarewa, su ga ɗan uwan tasu da inda hanyar take kaiwa.

Mataki na tara: ka koma

Bayan wata shida ku koma kai da malam da ɗalibin, ko da abin da aka samu kaɗan ne, ko da sifiri ne. A shimfiɗa tabarma a ƙofar sarkin ruwa, a zana kogin a kwali, a nuna inda tsofaffi suka ce ana samu da, da inda aka gani yanzu, a karanta sunayen waɗanda suka yarda a ambace su. In ɗalibi ya gama firojek a kawo kwafi ɗaya da taƙaitaccen bayani shafi guda da Hausa, da boko da ajami.

Sannan kuyi shiru ku bar su suyi magana. In za'a ware wani lungun yashi a daina jan taru a cikinsa wasu watanni, ko a tashi tsaye a kan masu gamalin, daga bakin sarkin ruwa da jama'arsa zai fito, su suka san wanda zai bi da wanda zai shiga da dare, kuma su suke da tarar da ake jin tsoro. Naku shine ku rubuta abin da suka yanke ku kai ma'aikatar da ke kula da kifi ta jiha don ya samu goyon baya.

Ni dai na fara da Kawu. Na naɗi muryarsa kusan awa guda ranar wata Juma'a, ya lissafa min wurare huɗu tsakanin Numan da Lau da sunayen da su suke kiransu, ya kuma ce in ruwa ya janye bayan kaka zai haɗa ni da wani abokinsa da har yanzu yake zaune can, yace in zo da hoton mai leda guda biyu, ɗaya nashi ne.